Bot ɗin taimako na kamfanin katin hoto: ya iya gaisuwa, bai iya tambaya ba

Idan abin da kake nema direba ne kawai (manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da wani ɓangaren kwamfuta), wato ka san sunan katin hotonka, ɓangaren kwamfuta da ke zana abin da sikirin ke nunawa, sarai, ka san Windows ɗin da ke kan na'urarka, kuma babu abin da ya lalace, bot ɗin hira, manhajar da ke amsa tambayoyi a madadin ma'aikaci, da kamfanin cip ɗin katin ya ajiye a shafinsa na taimako zai sallame ka cikin minti ɗaya. Idan kuwa sikirin ne ya fara ɗaukewa bayan ka sabunta direba, kada ka zauna da shi fiye da lokacin da zai ɗauke ka ka gano ƙofar da ake bi a sami mutum. Hukuncina ke nan a kansa, kuma ina da dalilai.

Haɗa bidiyo ne aikina, a kan laftof mai cip ɗin hoto guda biyu. Akwai ƙarami da ke zaune cikin furosesa yana kula da ƙananan hidimomi don kada batir ya yi saurin ƙarewa, akwai kuma babba mai zaman kansa wanda ke tashi idan aiki ya yi nauyi. Kamfani daban ya yi ƙaramin, wani daban ya yi babban, na uku kuma ya harhaɗa laftof ɗin ya buga sunansa a murfi. Bot ɗin da nake magana a kai na masu babban cip ɗin ne. Sunansu zan bar shi a aljihu, abin da ya gudana ya ishi mai karatu.

Manhajar kamfanin ce ta sanar da ni an fitar da sabon direba, na ɗora shi kamar yadda na saba. Daga nan, da zarar na kunna bidiyon da nake yankawa don in duba, sai sikirin ya yi baƙi ƙirin na ɗan lokaci, ya dawo. Wani lokaci manhajar haɗa bidiyon tana tsira, wani lokaci ta rufe da aikin da ban riga na adana ba. Idan na jona babban sikirin na waje abin ya fi yawa.

Wannan ɗaukewar ba aljanu ba ne, tsari ne da Microsoft ta gina cikin Windows tun zamanin Vista. Windows tana ba cip ɗin hoto daƙiƙa 2 ya amsa kira. In bai amsa ba, ta ɗauka ya maƙale, sai ta kashe direban ta sake tayar da shi maimakon ta bar kwamfutar gaba ɗaya ta sandare. Baƙin da kake gani lokacin tayarwar ne. Tana kuma rubuta abin a kundinta na abubuwan da suka faru da lamba 4101, in kuma tayarwar ta gagara sai ka ga shuɗin sikirin mai lamba 0x116. Na duba kundin, na tarar da 4101 jere. Da wannan lambar a hannu na buɗe hira da bot ɗin, ina ganin na kawo masa rabin amsa.

A ba shi haƙƙinsa tukuna. Babu layi, babu kiɗan jira a kunne, kuma tsakar dare ma yana nan. Ya gaishe ni, ya nuna damuwarsa, ya tambayi sunan cip da irin Windows. Rubutunsa tsaf, a jere, mai sauƙin bi. Wanda bai taɓa ɗora direba ba zai iya bin matakansa ba tare da ya ruɗe ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amsarsa ta farko: in sauke direba mafi sabo. Ya ba ni adireshin saukewa. Na duba lambar, daidai take da ta wanda ya jefa ni cikin matsalar. Na gaya masa haka. Ya ba ni haƙuri, ya yaba da ƙarin bayanin, ya ce in sake ɗora shi amma in zaɓi share tsofaffin saituna. Shawara ce mai ma'ana, na yi, babu abin da ya sauya. Da na dawo sai ya ce in tabbatar katin ya zauna daram a raminsa na madabod, babban allon da sassan kwamfuta ke zaune a kai, in kuma duba ko akwatin wutar kwamfutar yana da ƙarfin ɗaukarsa. Cip ɗin laftof a liƙe yake da dalma, babu ramin da za a zare shi a mayar, kuma sunan da na ba shi tun farko ya nuna na laftof ne. Na tuna masa. Ya sake ba ni haƙuri, ya yarda cewa gaskiyata ce, sannan ya ce, tun da haka ne, mataki mafi dacewa shi ne in tabbatar ina kan direba mafi sabo.

Lambar 4101 da na ba shi kuwa, ya maimaita mini ma'anarta daidai, bai yi kuskure ko ɗaya ba, amma bai gina komai a kanta ba. Ya zama kamar mai magani da ke miƙa wa kowa ƙwaya iri ɗaya tun kafin ya gama faɗin inda ke masa ciwo.

Ban ɗauki wannan a matsayin wauta zalla ba. Mafi yawan masu zuwa da kuka a irin wannan shafin, tsohon direba ne ke damunsu, ko waya ce ta saki, ko ba su kashe kwamfutar sun kunna ba. Bot ɗin da ya ce wa kowa ya sabunta zai dace sau da yawa, kamfani kuma ya rage kuɗin ma'aikata. Lissafin kasuwa ne, kuma na gane shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar shi ya riƙe wanda matsalarsa ta wuce wannan, yana zagayawa da shi, bai taɓa cewa abin ya fi ƙarfinsa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne, rashin jituwar direba ba a cikin gidan kamfani ɗaya yake zaune ba, a tsakanin gidaje yake. Nvidia da AMD suna zana cip ne, ƙera shi akasari a masana'antar TSMC ta Taiwan ake yi. Katin da ake saya a kwali kuma yawanci aikin wasu ne, irin su Asus, MSI, Gigabyte, Sapphire da Zotac, kowanne da nasa tsarin sanyaya da nasa saitin wuta. A laftof abin ya fi haka cakuɗewa, domin Dell ko HP ko Lenovo su ke tsara yadda cip biyun za su riƙa miƙa wa juna aiki, da yadda za a raba musu wuta da zafi. A kan duk wannan ga Windows, ga kuma manhajar da kake aiki da ita, ita ma tana da direban da ta fi so. A yawancin laftof masu cip biyu, babban cip ba ya magana da sikirin kai tsaye. Shi ke zana hoton, amma sai ya miƙa wa ƙaramin, ƙaramin ya kai sikirin. Saboda haka direban kamfani na farko dole ya fahimci direban kamfani na biyu sau da dama cikin kowace daƙiƙa. Sabunta ɗaya ka bar ɗaya a baya da shekaru, to ana iya samun saɓani, kuma a kundin Windows sunan wanda ya maƙale kawai za ka gani, ba wanda ya jawo ba.

Bot ɗin an koya masa kayan gidansu ne kaɗai. Bai tambaye ni sunan laftof ɗin ba. Bai tambayi ko akwai cip na biyu ba, balle lambar direbansa. Bai tambayi wane direba nake kai kafin matsalar ta fara ba, alhali wannan ita ce tambayar farko da duk mai gyara zai yi. Abin da ya fi ba ni haushi na gano shi daga baya: kamfanonin cip da kansu suna rubutawa a shafukan saukarwa ko a takardar bayanin direba cewa mai laftof ya fara duba direban da maƙerin laftof ɗinsa ya tantance. Gargaɗin yana nan da ƙananan haruffa a gidan da bot ɗin yake yi wa aiki, amma ko sau ɗaya bai kawo shi ba.

Samun mutum wani aiki ne na daban. Na rubuta ƙarara cewa ma'aikaci nake so, ya amsa cewa shi ma zai iya taimaka mini, ya roƙi in sake bayyana matsalar. Sai da na yi ta danna maɓallin da ke cewa amsar ba ta yi amfani ba, kafin fom ɗin buɗe tikiti, wato ƙorafin da ake turawa ma'aikaci, ya bayyana. Fom ɗin bai ɗauko komai daga hirar da muka yi ba. Duk abin da na rubuta sai da na sake rubuta shi daga farko, kuma a nan ne na fi rage wa hidimar maki, domin haɗa hira da tikiti ba fasaha ce mai wuya ba.

Amsar ma'aikaciyar ta zo ta imel, ba da wuri ba, kuma gajeriya ce. Ba ta ba ni haƙuri mai tsawo ba. Ta ce in danna maɓallin Windows tare da R, in rubuta dxdiag, in adana rahoton da zai fito in turo mata, in kuma faɗi ainihin lambar samfurin laftof ɗin da ke rubuce a ƙasansa. Wannan rahoton fayil ne na rubutu zalla, yana ɗauke da sunan kowane cip, lambar direbansa da ranar da aka fitar da shi. A saƙonta na biyu ta nuna mini layi biyu daga ciki: direban babban cip na kwanan nan ne, na ƙaramin kuwa tun wanda laftof ɗin ta zo da shi. Ta ce tana zargin a nan saɓanin yake, ba ta ce ta tabbata ba, ta kuma ba da shawarar in koma kan direbobi biyun da maƙerin laftof ya fitar tare, in fara ɗora na ƙaramin. Ta faɗi haka duk da cewa ma'anarsa in sauka daga sabon direban kamfaninsu. Bot ɗin ba zai taɓa furta wannan ba, kuma ban ga abin da zai hana a koya masa neman wannan rahoton tun a saƙon farko ba. Karanta fayil ɗin rubutu a zaƙulo lambobi biyu aiki ne da na'ura ta fi mutum iyawa.

Wajen sauka daga direban na yi amfani da Display Driver Uninstaller, wadda aka fi sani da DDU, ƙaramar manhaja ta kyauta daga Wagnardsoft. Ba ta kowane kamfanin cip ba ce, kuma tana share direbobin Nvidia da AMD da Intel duka, har da burbushin da cirewa ta yau da kullum ke bari. Yadda na yi: na sauke direbobi biyun na ajiye tukuna, na cire intanet, na shiga yanayin kariya na Windows inda ba a tayar da direbobin hoto na kamfanoni, na share na babban cip, na share na ƙaramin, na kunna kwamfutar, na ɗora na ƙaramin, sannan na babban. Cire intanet ɗin yana da muhimmanci, domin Windows in ta ga gurbi babu direba takan sauko da wanda ta ga ya dace ta cike shi kafin ka kai ga naka. Fuskar DDU ba ta da kyan gani, kuma wanda bai saba ba zai iya tsorata lokacin da sikirin ya koma manyan haruffa bayan sharewar. Amma ta yi abin da aka ce tana yi. Tun daga nan 4101 bai ƙara fitowa a kundina ba.

Don kada in yanke hukunci da matsala ɗaya, na gwada bot ɗin da tambaya mai sauƙi. Ina da tsohuwar kwamfutar tebur mai katin wannan kamfanin, na tambaye shi ko sabon direba yana ɗaukar katin. Ya ce in sauke na baya-bayan nan don samun aiki mafi kyau. Na sauke, manhajar ɗorawa ta duba ta ce ba ta ga na'urar da ta dace ba. Katin ya daɗe da komawa sahun tsofaffi, masu nasu direban daban a wani lungu na shafin. Da na koma na faɗa masa, nan take ya kawo adireshin da ya dace. Ke nan bayanin yana wurinsa, dubawa ce bai yi ba.

Yin ritaya ga tsofaffin katuna ba laifin kowa ba ne, duk kamfanonin suna yi kuma suna sanarwa. AMD ta yi wa Radeon HD 7000 da R9 200 da 300 da Fury haka a watan Yuni na 2021, direbansu na ƙarshe a babban layi shi ne 21.5.2. A shekarar dai Nvidia ta tsayar da sababbin direbobin wasa ga katunan kwamfutar tebur masu tsarin cip (zubi) da ake kira Kepler, wato mafi yawan GTX 600 da 700, ta ci gaba da ba su gyaran tsaro zuwa Satumba 2024. Intel ta mayar da cip ɗin hoto na furosesa ƙarni na 6 zuwa na 10 sahun tsofaffi a Yuli 2022. A Oktoba 2025 kuma layi ya zo kan zubin Maxwell da Pascal na Nvidia, wato har da GTX 900 da GTX 10, a watan da Microsoft ita ma ta rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga wata, sai dai Nvidia ta yi alƙawarin gyaran tsaro zuwa Oktoba 2028. Sunan kati ma yana iya yaudara. GTX 750 Ti tana cikin jerin 700 a suna, amma zubin Maxwell ce, shi ya sa ta ci gaba da samun direba shekaru bayan an sallami GTX 780 wadda ta fi ta ƙarfi. Irin wannan jadawalin shi ne ainihin abin da ya kamata bot ya riƙe a ka, domin babu ra'ayi a ciki, sunaye ne da ranaku.

Abin da ya fi damuna game da shi shi ne muryarsa ba ta canzawa. Yadda ya faɗi ma'anar 4101 daidai, haka ya faɗi maganar ramin madabod a laftof, da natsuwa iri ɗaya. Mutum in bai tabbata ba kana ji a maganarsa, kamar yadda ma'aikaciyar nan ta ce zargi take yi. Shi kuwa babu alama, sai dai gargaɗin da ke ƙasan akwatin hira cewa amsoshin na iya zama kuskure. Ban san kamfani zai iya fakewa a bayan wannan har abada ba ne ko a'a, amma an riga an gwada makamancinsa. A Fabrairu 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta umarci Air Canada ta biya wani fasinja kimanin dalar Kanada 812, bayan bot ɗin shafinta ya ba shi bayanin da ba daidai ba kan rangwamen tikiti na masu zuwa jana'iza. Kamfanin ya yi ƙoƙarin cewa bot ɗin ke da alhakin maganarsa, kotun ta ce bot ɗin ɓangare ne na shafin kamfani, abin da ya faɗa kamfani ne ya faɗa. Direban da bai dace ba ba kasafai yake ƙona kati ba, amma yana cin yinin aiki, kuma wanda aka ce ya buɗe laftof ya taɓa cip yana iya ɗaukar sukudireba da gaske.

Wanda zai shiga wannan hidimar, ya shirya abubuwa kafin ya buɗe hira: rahoton dxdiag, lambar samfurin laftof ko sunan kamfanin da ya haɗa katin, lambar direban da yake kai lokacin da komai ke lafiya, da abin da yake yi a daidai lokacin da sikirin ke ɗaukewa. Ya liƙa su duka a saƙon farko, ya kuma adana kwafi a gefe, don zai sake buƙatarsu a fom. In sikirin ya maƙale ana tsakiyar aiki, danna Windows da Ctrl da Shift da B tare yana sa Windows ta sake tayar da ɓangaren hoto ba tare da an kashe kwamfuta ba. In kuma matsalar daga sabuntawa ta fara, a Device Manager, wurin da Windows ke jera sassan kwamfuta, akwai maɓallin komawa direban baya, muddin Windows ba ta riga ta share tsohon ba. Batun garanti kuwa, in fankar katin ta tsaya ko katin ya mutu, ba wurin mai cip za a je ba sai in daga hannunsa aka sayi katin. Wanda sunansa ke jikin kwali shi ke da alhaki. A kan wannan bot ɗin ya ba ni amsa daidai tun karon farko, watakila don amsa ce da ke tura mutum gidan wani.

Ni dai tsugune ba ta ƙare mini ba. Direbobin da maƙerin laftof ya tantance tsofaffi ne, kuma ya daina fitar da sababbi ga wannan samfurin. Sabuwar fitowar manhajar haɗa bidiyon da nake amfani da ita tana neman direban da ya fi nawa sabunta, don haka na tsaya a kan tsohuwar fitowa. Ma'aikaciyar ta ce in ina so in matsa gaba, in gwada sabunta direbobin biyu tare daga shafukan masu cip ɗin, in ajiye na maƙerin laftof a gefe don komawa in abin ya ƙi. Zan gwada hakan idan na gama aikin da ke hannuna, ba kafin nan ba. Sanarwar sabon direba kuwa na kashe ta a manhajar kamfanin.